Malamin Asibiti a Aujara: Sana'ar da Ta Kai Har Cikin Waya

Mafi yawan waɗanda ciwo ya kama a Aujara, da Gunka, da Harbo, da Kale da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jahun, hannun da ke fara taɓa su na malamin asibiti ne ko na malamar asibiti. Shi ke duba yaron da jikinsa ya yi zafi, ita ke auna mai ciki ranar awo, su ke ɗaure akwatin rigakafi a bayan babur su nufi rugage. Likitan da ya yi karatun jami'a yana babban asibitin Jahun, ko Dutse, ko Birnin Kudu, kuma kafin talaka ya kai gare shi sai ya biya kuɗin mota, ya bar gona ko kasuwa wuni guda. A 'yan shekarun nan sana'ar ta yi wani sabon reshe da babu shi a takardar ɗaukar aiki, wato duba maras lafiya ta waya. Reshen ya yi ƙarfi, jama'a sun rataya a kansa, lokaci ya yi da masu tsara biyan kuɗin inshorar lafiya za su dube shi da idon basira.

Yadda ake shiga sana'ar

Tushen sana'ar ya koma tsakiyar shekarun 1970, lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da shirin kai kiwon lafiya karkara, aka buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi domin horar da waɗanda za su riƙe ƙananan asibitoci inda babu likita. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa wannan tunani a duniya. Sai Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, ya mayar da waɗannan ma'aikata ginshiƙin tsarin. A 1992 aka kafa hukumar da ke yi musu rajista da ba su lasisi.

Ɗan Aujara ko 'yar Aujara da ke son wannan aiki ba sai ya yi nisa ba, domin kwalejin koyon aikin lafiya ta jihar Jigawa tana nan Jahun. Ƙaramin mataki shekara biyu ne, babba shekara uku, wanda ya ƙara karatu a asibitin koyarwa kuma ya zama jami'in lafiyar al'umma. Ana koyon auna jini da zafin jiki, da allura, da ɗinkin ƙaramin rauni, da awon ciki, da karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi, da adana maganin rigakafi cikin sanyi. A tsakiyar karatun akwai wani littafi mai kauri na ƙa'idojin aiki. Littafin ya jera alamun ciwo ɗaya bayan ɗaya: abin da za a tambaya, abin da za a duba, maganin da aka yarda a bayar, da inda dole a tsaya a tura maras lafiya gaba. Sanin wannan iyaka shi ne rabin sana'ar. A 2014 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa iyakar, ta amince a horar da su kan wasu ayyukan da a da sai ungozomar asibiti ko likita, kamar ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da allurar farko ga mai cikin da jijjiga ta kama kafin a wuce da ita babban asibiti.

Sauran rabin a bakin aiki ake samun sa, a gaban tsohon incaji, wato shugaban ƙaramin asibitin. A wurinsa sabon ma'aikaci ke koyon yadda ake gaya wa dattijo cewa ciwonsa ba na allura ba ne ba tare da ya fita da fushi ba, da yadda ake shawo kan maigidan da ya hana a kai matarsa Jahun, da wanda za a fara gaisarwa idan an shiga gari aikin rigakafi: mai unguwa, da liman, da ungozomar gargajiya.

Aiki yana bin yanayin shekara

Da damina zazzabin cizon sauro ke cika benci. A ɗiga jinin yatsa a kan ɗan abin gwaji, a jira kamar minti 15, in layi biyu suka fito a ba da magani na kwana uku. A wannan lokaci ne kuma ake bi gida-gida duk wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzabin. Kafin sabon gero ya shigo, rumbuna sun yi ƙasa, sai tamowa ta bayyana. A zagaya ma'auni a damtsen yaro, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a sa shi cikin masu karɓar abincin tamowa. Hunturu ya zo da tari da ciwon haƙarƙari, bazara ta zo da fargabar sanƙarau da ƙyanda. Awo da rigakafi da haihuwa kuwa ba su da lokaci. Bayan an sallami mutane sai a koma kan manyan littattafan rajista, kowane fanni da nasa, a ƙarshen wata a tattara alƙaluma a kai ƙaramar hukuma.

Kunne ya zama kayan aiki

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, a hankali ta ratsa karkara. Yau lambar malamin asibiti tana wayar mai unguwa, da ta ɗan acaɓa, da ta mai kemis, da ta kusan kowane maigidan da ya taɓa kawo yaro. Wani ya kira, wani ya yi filashin ya jira a kira shi. Kiran dare yakan fara ne da ban haƙuri.

"Malam, don Allah a yi haƙuri da kiran dare. Yaron nan ne jikinsa ya yi zafi tun la'asar."

"Ba komai, Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Miƙa wa mahaifiyarsa wayar."

Gwani ya san uwa ce ta kwana da yaron, ita ta san sau nawa ya yi amai. Ya kuma san in ɗan fari ne, kunya za ta iya ɗaure mata baki, sai ya nemi kakar yaron ko abokiyar zama. Tambayoyinsa a jere suke, kuma da manufa. Yana kama nono? Duk abin da ya sha yana dawowa? Ya yi jijjiga? In an taɓa shi yana buɗe ido? Waɗannan huɗu su ne manyan alamun haɗari ga ƙaramin yaro, ɗaya daga ciki ta isa a ce a taho yanzu. In tari ne, sai ya ce a ɗaga rigar yaron, a haska fitila, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa har shi ya ce a tsaya, yana duban agogo. Numfashi 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ciwon ya sauka huhu. Wani lokaci ya ce a kara wayar kusa da bakin yaron ya ji da kunnensa.

Hukuncin da zai yanke ɗaya ne cikin uku. Ko a shafa wa yaro ruwa mai ɗumi, a ba shi farasitamol da ruwan gishiri da sukari, a kawo shi da sassafe. Ko a kawo shi asibiti yanzu, ga shi nan fitowa. Ko kuwa kada a ɓata lokaci a Aujara, a wuce Jahun kai tsaye. Na ukun nan shi ya fi ceton rai, musamman ga mai naƙudar da ta kwana ta wuni, ko wadda jini ya ɓalle mata. A nan malamin asibiti yakan yi kira biyu ko uku a jere: ya tashi direba, irin waɗanda shirin Haihuwa Lafiya na jihar ya saba aiki da su, ya sanar da ɗakin haihuwa cewa ga mace nan tafe, ya ce wa dangi su tafi da waɗanda za su iya ba da jini. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a babban asibitin Jahun tun 2008 kan haihuwa mai wuya da gyaran yoyon fitsari, kuma duk wanda ya san wannan ciwo ya san doguwar naƙuda ce ke jawo shi. Sa'o'in da kiran waya ya rage a hanya na iya zama bambanci tsakanin macen da ta koma gida da jaririnta da wadda ta koma da lalurar shekaru.

Malamar asibiti tana da nata kason na musamman. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai abin da matar aure ba za ta faɗa a benci gaban jama'a ba, amma za ta faɗa a waya in ta keɓe a ɗaki: zubar jini da ƙaramin ciki, ciwon nono bayan haihuwa, tambaya kan tazarar haihuwa. Ga wadda fita ke mata wuya sai da izini da ɗan rakiya, wannan kira shi ne ƙofar asibiti mafi kusa.

Wayar tana aiki ta sama ma. In abu ya shige wa malamin asibiti duhu, yakan ɗauki hoton ƙurji ko sakamakon gwaji ya tura wa wani likita da ya sani a Dutse ko Birnin Kudu ta WhatsApp, ya nemi shawara. Tana aiki kuma wajen bibiya: mai hawan jinin da maganinsa ya kusa ƙarewa, mai tarin fukar da ya ji sauƙi ya daina shan magani kafin wata shida su cika, uwar da ta tsallake ranar rigakafi.

Masu mutunta sana'ar sun san inda waya ta tsaya. Gani ya kori ji. Ba a gane ƙarancin jini sai an buɗe fatar ido an duba tafin hannu, ba a tabbatar da zazzabin cizon sauro sai an gwada, ba a sanin kwanciyar ɗa sai an taɓa ciki. Saboda haka ma'aikacin kirki ba ya aika mutum kemis ya sayo allura ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan abin da ya ji a waya kawai, ko da mai kiran zai ji haushi. Akwai masu yin hakan, kuma suna cutar da jama'a da sunan taimako. Rashin ƙa'idar da ta fayyace abin da ya halatta a waya shi ke ba su fili.

Ta ina kuɗin ke shigowa?

Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun maras lafiya yake fita. Ƙoƙarin sauya haka ya daɗe. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, amma ya fi amfanar ma'aikatan tarayya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A Jigawa hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA ke riƙe da wannan aiki, kuma a 2024 gwamnatin Malam Umar Namadi ta ƙaddamar da shirin J-Basic domin yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a mazaɓu 287 na jihar.

Hanyar biya iri biyu ce. Ƙaramin asibiti ana biyan sa ne bisa yawan mutanen da aka yi wa rajista a wurinsa, kuɗi ƙayyadadde kan kowane mutum duk wata, kamar kuɗin mai gadin unguwa da kowane gida ke bayarwa ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba. Babban asibiti kuwa ana biyan sa ne kan kowane aikin da ya yi, bisa jadawalin farashi. Zuwa 2025 hukumar NHIA ta ɗaga kuɗin kowane mutum a shirinta daga naira 750, inda ya daɗe a tsaye, zuwa naira 1,450, ta kuma ƙara farashin ayyukan manyan asibitoci.

In aka duba da kyau, hanya ta farko tana son aikin waya. Mai hawan jinin da aka tuna masa da magani bai faɗi ba, yaron da aka kama ciwonsa da wuri bai kai ga ƙarin ruwa ba, duk sauƙi ne ga asusun asibiti. Amma kuɗin asusun asibiti yake shiga, a sayi magani da kayan aiki, alhali katin waya da data da cajin batir da barcin da aka katse na ma'aikaci ne shi kaɗai. Littafin rajistar marasa lafiya an tsara shi ne domin wanda ya zo da ƙafarsa. Likitan da ya ba da shawara daga Dutse shi ma alheri ya yi, ranar da aiki ya yi masa yawa ba wanda zai tuhume shi in bai ɗauka ba. Aikin da ya tsaya a kan kirkin mutum ɗaya yakan tafi ranar da aka yi wa mutumin canjin wurin aiki.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Amurka ta nuna yadda ƙa'idar biya ke juya aikin likita. Shirin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi da aka kafa a 1965, kafin 2020 galibi ba ya biyan duba maras lafiya daga nesa sai in mutumin yana yankin karkara, kuma ya je wata cibiyar lafiya an haɗa shi da likita ta bidiyo. Da annobar korona ta zo a Maris 2020 aka sassauta: a duba mutum yana gidansa, a birni ko a ƙauye, har ta kiran murya zalla, kuma a biya. Nan take likitoci da marasa lafiya suka rungumi hanyar. Sai dai yawancin sassaucin na wucin gadi ne, majalisa na ta tsawaita shi guntu-guntu. Ranar 1 ga Oktoba 2025 wa'adin ya cika ana tsakiyar rikicin kasafin kuɗi, sassaucin ya faɗi, sai a Nuwamba aka dawo da shi. A tsakanin nan wasu asibitoci sun soke ganawar da suka shirya, wasu sun yi aikin ba su da tabbacin biya.

Faransa ta bi ta wata hanya, ta sa duba maras lafiya daga nesa cikin abin da inshorar gwamnati ke biya tun Satumba 2018, a matsayin ƙa'ida zaunanniya. A Ruwanda kamfanin Babyl ya fara aiki a 2016 da ƙaramar waya irin ta kowa: mutum ya nemi ganawa, ma'aikaciyar jinya ko likita su kira shi, a turo masa lambar karɓar magani ta saƙon tes, inshorar al'umma ta ɗauki kaso na kuɗin. Da uwar kamfanin da ke Landan ta durƙushe a 2023, aikin ya tsaya. Indiya kuwa ta fara shirin eSanjeevani a 2019 da tsarin da ya fi kama da halin da muke ciki: maras lafiya ya je ƙaramin asibitin ƙauyensu, ma'aikacin lafiya ya auna shi ya taɓa shi, sannan su biyun su gana da likitan babban asibiti ta na'ura.

Darasin a fili yake. Abin da aka rubuta za a biya shi ake yi, ƙa'idar wucin gadi ba ta bari a yi shiri mai nisa, kuma tsarin da aka gina a kan asibitin gwamnati da ma'aikacin da ke zaune cikin jama'a ya fi jure girgiza.

Abin da ya kamata a rubuta

Jigawa ba baƙuwa ba ce wajen gwada sabon tsari. Ita ce ta fito da tsarin Gunduma a 2007, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Abin da ake buƙata yanzu bai kai wannan girma ba. Kowane asibitin mazaɓa ya samu layin waya na hukuma, da kati da caji daga kuɗin gudanarwa, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin ma'aikata, domin kada dare ya zama na mutum ɗaya kullum. A buɗe shafi a rajista inda za a rubuta wanda ya kira, da abin da ya faɗa, da shawarar da aka ba shi, yadda in ya zo da safe wanda ke bakin aiki zai san inda aka kwana. A sa shawarar likitan babban asibiti ga malamin ƙaramin asibiti cikin jadawalin farashi, a tsara wanda ke jiran kira kowace rana. A amince da kiran murya, domin a garuruwa da yawa sabis ba ya ɗaukar bidiyo, kuma yawancin mata ƙaramar waya gare su ko ta aro. A ware ɗan alawus ga mai riƙe layin dare. A kuma rubuta abin da aka hana a waya, tare da ƙa'idar sirri, tunda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi hoton maras lafiya da ke yawo a wayoyin ma'aikata.

Kwalejin Jahun ma tana da rawar takawa. Tambayar maras lafiya ba tare da ganin sa ba fasaha ce da ake koyarwa, a gwada ɗalibi a kanta kamar yadda ake gwada shi kan allura. Tsofaffin incaji da suka yi shekaru suna amsa kiran dare sun tara ilimin da ya cancanci shiga manhaja kafin su yi ritaya su tafi da shi.

Malaman asibitin Aujara da takwarorinsu sun riga sun yi nasu: sun ba da lambarsu, suna ɗauka in an kira, suna tashi in ta kama. Mutanen gari na iya taimaka musu ta kwamitin ci gaban mazaɓa, su nemi a sa layin asibiti cikin kasafin wata uku-uku, su kuma tambayi wakilinsu a majalisar jiha abin da dokar taimakekeniya ta tanada kan duba maras lafiya daga nesa. Sauran aikin yana teburin JICHMA da hukumar kiwon lafiya matakin farko a Dutse, kuma aiki ne da za a iya farawa da mazaɓa ɗaya a gani.